Sunan da Aka Ɗinka da Muryata

Da sunan Allah, wanda ya kai ni ƙasar da ban san kowa ba, ya kuma dawo da ni Kawo da sauran numfashina. Ni ce Hauwa, matar marigayi Malam na bayan tasha. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Maƙwabciyata Malama Asabe, wadda ta gama aikin koyarwa ta zauna gida, ita ce ke riƙe da biro. Mun yi sharaɗi da ita kafin mu fara. Akwai sunan da ba na faɗa, akwai kuma kalmomin da suke danginsa. Duk inda labari ya kawo su zan yi shiru in ɗaga yatsa, ita ta rubuta da hannunta. Saboda haka wanda ya ga sunan a takardar nan, kada ya ce daga bakina ya fito.

Sunan mai gidana ne, Allah ya jiƙansa. Malama, sa shi: Tunau. Uwarsa ta daɗe ba ta haihu ba bayan yayansa, har an fid da rai, sai ga shi. Daga ranar da aka kawo ni ɗakinsa daga ƙauyenmu na wajen Gusau, lokacin yana masinja a sakatariya yana zuwa aiki a keke, ban taɓa kiransa da shi ba. A gabansa Malam, a bayansa mai gidan nan. Kalmar da sunan ya fito daga cikinta ma na bar ta. In abu ya dawo mini, sai in ce ya faɗo mini a rai. Ba wanda ya tilasta mini. Haka na tarar da matan gidanmu. Wata ƙanwar uwata mijinta Sule ne, har ta mutu in za ta ce sule na kuɗi sai ta ce sha-biyu.

Malam ya rasu da damina. Na fita takaba, amma kuka bai fita daga gare ni ba. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai hawaye su jiƙa faifai. Har yau haka nake, ba na ɓoyewa, ga Malama nan tana gani. Autata Bilkisu tana Jamus tana karatun zama dakta, ba ta likita ba, ta harshe. Ita ta yi ta kirana a waya. "Inna, ki zo ki huta. Ki zo a duba miki gwiwar nan, likitocinsu ba irin namu ba ne." Na ce to. Shiri da sallama ba zan ɓata biro a kansu ba.

Zangon farko filin jirginsu ne. Wani ma'aikaci ya turo ni a keken marasa lafiya har gaban wani Bature mai kaki da ke cikin akwatin gilashi. Ya dubi fasfo, ya dube ni, ya yi magana, na dube shi. Da ya gaji sai ya latsa waya ya miƙo mini. Muryar Bahaushe ce a ciki, daga jin harshensa mutumin Maraɗi ne.

"Iya, ni tafinta ne. Ya ce ki faɗi cikakken sunanki."

"Hauwa."

"Da na gabansa."

Na yi shiru. A fasfon sunan Malam aka liƙa wa nawa, yadda 'yan boko suke yi. A Kaduna duk ofishin da aka shiga da ni wani ne yake amsawa. Nan kuwa Bilkisu tana waje, ba a bari ta shigo.

Fuskar mai kaki ta yi ja. Aka tura ni wani ɗaki, aka buɗe jakata. Daddawar da Kulu, ƙanwar Malam, ta kawo mini daga Katabu, da man shanu, da ɗan kilishin da na riƙo wa yarinya, wata mace ta sa safar hannu ta ɗauke su da yatsu biyu tana toshe hanci, ta jefa a kwandon shara a gaban idona. Aka sake miƙo wayar.

"Iya, suna zaton fasfon ba naki ba ne. In ba ki faɗa ba za su mayar da ke."

"Su mayar."

Can sai na ji tafintan ya ce, "Af! Iya, sunan mai gida ne?"

"Shi ne."

"Allah sarki. Yana raye?"

"Ya riga mu gidan gaskiya."

Ya yi mini ta'aziyya irin ta mutanen kirki, sannan ya daɗe yana yi musu yarensu. Da ya dawo kaina ya ce, "Ni zan faɗa. In daidai ne, ke ki ce i kawai." Ya faɗa, har da Malam a gaba. Na ce i, na fashe da kuka. Ban taɓa ganin fuskar bawan Allahn nan ba, amma ba na salla ban sa shi a addu'a ba.

Zango na biyu gidan Bilkisu, can ƙololuwar bene, matakala kamar ba za ta ƙare ba. Wadda aka kawo don gwiwa ke nan. Ɗaki ɗaya da ɗan kicin, taga ba ta buɗuwa sai rabi. Rana in ta fito ba ta da zafi, in ta ga dama ma ba ta fitowa. Ba kiran salla sai wanda waya ke yi. Mutane suna haɗuwa da kai a matakala su wuce kamar ka ci musu wani abu. Ranar da na ɗan daka barkono a ƙaramin turmin Bilkisu, tsohon da ke ƙasanmu ya hau yana dukan ƙofa yana ihu, yana nuna ni da yatsa, karensa yana taya shi. Ni da na shekara da shekaru ina tsine wa 'yan kamashon tashar Kawo saboda ihun "Zariya! Kano! Saura mutum ɗaya!", sai ga ni ina kasa kunne ko zan ji su.

Likita an kai ni, kada in yi ƙarya. Ya matsa gwiwar, ya ce tsufa ne, ya rubuta ƙwaya. Daga nan ba a sake zancen gwiwa ba. Zancen da aka shiga shi ne na Farfesa.

"Inna, malamata tana son ta gaishe ki. Ta iya Hausa, ta zauna a Damagaram, har suna suka sa mata, Ladi."

Doguwar mace ce mai furfura, gashin a yanke kamar na maza. Ta durƙusa, ta ce, "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Ina gajiya? Ina sanyi?" Hausarta daidai take, amma kamar tuwon da aka tuƙa ba gishiri a miya. Har na fara sakin jiki, sai ta ce, "Ina yi miki ta'aziyyar mutuwar Tunau." Haka, tsirara, ba Malam, ba marigayi. Tana faɗa tana kallon bakina, ba idona ba. A lokacin ban gane dalili ba.

Aka ce ai tsofaffi irina da suka riƙe Hausar ƙauye sun yi ƙaranci, in taimaka in yi musu 'yar hira a ɗauka. Zaman gidan ya ishe ni, na yarda. Zango na uku ke nan: wani ɗaki kamar akurki a ƙarƙashin makarantarsu, ba taga, an manne bangon da soso. In ka yi magana a ciki muryarka ba ta dawowa, kamar an haɗiye ta. Suka sa mini wani abu a kunne, suka kafa mini abin ɗaukar magana a gaban baki, su kuma suna bayan gilashi da kwamfuta.

Da farko wasa ne. "Inna, ɗaya gida, da yawa fa?" Gidaje. Tulu, tuluna. Gulbi, gulabe. Mai noma, manomi. Abin buɗewa, mabuɗi. Wurin jima, majema. In na kawo wata ta garinmu da ba su sani ba, Farfesa ta yi ta murna kamar an yi mata haihuwa. A hanyar gida na ce wa Bilkisu, wai shekarun nan duk abin da take karantawa ke nan, abin da yaron goye ya sani?

Ta yi dariya. "Inna, ginin kalma ake ce masa. Kowace kalma tana da saiwa, kamar rogo. Abin da aka liƙa mata a gaba, kamar ma ɗin manomi, sunansa ɗafa-goshi. Na baya kuma ɗafa-ƙeya."

Na ce, "Ashe kalma ma ana ɗafa mata ƙeya, kamar ɓarawon da aka kama a tasha."

Muka yi ta dariya a cikin jirgin ƙasa har Turawa suna hararar mu. Rabona da dariya tun Malam yana da rai. Na faɗi wannan don a san ban je da mugun nufi ba. Da hannu biyu na ba su bakina.

Sai aka shigo sunaye. Wanda aka haifa ana noma? Nomau. Wanda ya wuce watanninsa a ciki? Shekarau. Wanda 'yan'uwansa suka mutu aka bar shi? Barau. Mai yawan mantuwa? Mantau. Na ga unguwar da aka nufa, amma sai suka kauce. Suka koma nuna mini hotuna. Wannan mece ce? Tunkiya. Wannan da ya buga ƙafa da dutse? Tuntuɓe ya yi. Wannan dabbar dajin? Tunku. Duk na faɗa, me ya haɗa ni da su? Sai ga hoton wani mutum ya yi tagumi.

"Me yake yi?"

"Zulumi."

"Wata kalmar fa?"

"Saƙe-saƙe yake yi a ransa."

"To, ranki ya daɗe, mene ne akasin mantawa?"

"Rashin mantawa."

Ta cikin gilashi na ga Farfesa ta dafa kafaɗar Bilkisu, fuskarta tana walƙiya. Bilkisu kuwa ta sunkuyar da kai. Nan na cire abin kunnen na ajiye. Na ce a buɗe mini ƙofa.

Da muka isa gida ko mayafi ban cire ba. Na ce, "Ke, zauna. Gwiwa kika kawo ni a duba, ko baki?"

Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta fito da shi. Karatun nata gaba ɗaya a kaina yake. Tun tana yarinya ta lura ina cewa tunkiya da tuntuɓe ba gargada, amma ba na cewa tuna, ba na cewa tunani, ba na cewa tunatarwa. Wai wannan ya nuna ba amon kalma nake gudu ba, saiwarta nake gudu. Wai bakina ya san inda saiwa ta ƙare da inda ɗafa-ƙeya ya fara, ni da ban taɓa shiga aji ba. Wai abin mamaki ne, Turawa har daga wasu ƙasashe suna son su ji.

"Abu ɗaya ya rage, Inna. Farfesa ta ce masu jarrabawa za su ce wataƙila kalmar ce babu a Hausarku, ba gudunta kike yi ba. Sai an ji sunan daga bakinki, a jere da su Nomau da Barau. Sau ɗaya tak. Ba kowa a ɗakin, ni ma zan fita."

"Sunan ubanki."

"Inna, Baba ya rasu. Kin yi takaba kin gama. Ko a shari'a yanzu ba abin da..."

"Kada ki kawo mini shari'a a kan abin da shari'a ba ta sa ni ba."

Ta fara kuka, ta ce shekarunta za su tafi a banza. Ni ma ina kuka na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don ba ta nan aka yi. Ana gobe zai cika, da hantsi, ina ba shi kunu a cokali, Malam ya dube ni ya ce, "Hauwa, yau dai ki kira ni in ji yadda yake a bakinki." Na ce, "Kai, Malam, sha kununka." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Na san ba za ki iya ba. Da kin iya, da na ce an sauya mini mata." Na ce wa Bilkisu, mai sunan ya roƙa a kan gadon mutuwa, ya tafi yana jin daɗin ban ba shi ba. Shi ne zan ba soson bango? Na ɗauka ta ji.

Bayan wannan ban sake shiga akurkin nan ba. Bilkisu tana fita da safe ta dawo da yamma, magana tsakaninmu ba ta wuce ga abinci, an gode. Wadda ta riƙe ni a kwanakin nan Mma Hawa ce, takwarata, wata 'yar zangon Kumasi mai shagon kayan miya a bayan layinmu. Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Ranar farko da ta ce mini, "Mma, ka shigo, ka zauna, ka ci abinci?" sai da na waiga in ga wane ƙato ne a bayana. Ita ta riƙa dama mini koko, ta ba ni man kaɗanya in shafa a gwiwa, ta ƙi karɓar komai. Da na ba ta labari ta riƙe baki.

"Ni nawa mijin, Isifu, safe da yamma ina kiran sunansa, in haɗa da na uwarsa. Amma kai, Mma, abinka ne. Wanda ya taɓa shi Allah ya ƙona hannunsa."

Zango na ƙarshe babban zauren makarantar ne, ranar da Bilkisu za ta yi bayanin aikinta a gaban malamai. Ta ce mini, "Inna, ki zauna gida, da sanyi, kuma Turanci za a yi." Amma Farfesa ta riga ta aiko ta hannun Mma Hawa cewa a kawo ni, a girmama ni, kada a gaya wa yarinya don ta yi mamaki. Na ce duk fushin da nake yi, 'yata ce, ubanta ba ya nan, wa zai tsaya mata? Na ɗaura atamfar da Malam ya yi mini ta sallar ƙarshe. Mma Hawa ta rufe shago ta kai ni.

Da Bilkisu ta hango ni a layin gaba, takardun hannunta suka zube. Na ɗauka murna ce.

Ta yi ta Turanci, rubutu yana fitowa a bango. Can sai na ji kaina daga lasifika, da ƙarfi, ta kowace kusurwa. Gida, gidaje. Tunkiya. Tuntuɓe. Rashin mantawa. Mutane suka yi 'yar dariya suna leƙo ni. Sai aka zo jerin. Bilkisu ta ɗora hannu a kan kwamfutar, ta dube ni, ta dubi Farfesa, ta latsa.

Nomau. Shekarau. Barau. Mantau. Tunau.

Muryata ce. Har da ɗan dishin da nake da shi. A gaban maza da mata, baƙi, kafirai da Musulmi, na ji Hauwa ta kira mijinta gatsau, kamar mai kiran yaron aike. Wani mai gemu ya ɗaga hannu, ashe cewa ya yi a maimaita. Aka maimaita. Na miƙe ban san na miƙe ba, na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Gwiwar da ba ta hawa matakala ita ta fitar da ni daga zauren nan, Mma Hawa tana bina da takalmina ɗaya a hannu.

A wani benci na baranda Bilkisu ta same ni. Ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafata.

"Yaushe na faɗa? Cikin barci kika ɗauka?"

"Ba ki faɗa ba, Inna. Ni na haɗa. Na yanko gaban wata kalma da bayan wata, na ɗinke a kwamfuta."

"Waɗanne?"

Na sake cewa waɗanne.

"Tunkiya... da mantau."

Malama, rubuta wannan da kyau. Mutumin da na zauna da shi tun ina da ƙuruciya har haƙorana suka zube, an ƙera sunansa da kan dabba da wutsiyar mantuwa, aka sa a bakina. Kuma wadda ta sha nonona ce ta yi ɗinkin.

"Inna, ba don jarrabawa kaɗai ba ne. Wallahi ban taɓa jin kin kira shi ba. Da na haɗa, na saurara ni kaɗai, na yi ta kuka. Kamar kuna ɗaki ɗaya."

"Ba a ɗaki ɗaya kika sa mu ba. A kasuwa kika sa mu."

Muna haka sai ga Farfesa. Wannan karon ba durƙuso, ba ranki ya daɗe. Fuskarta a ɗaure, ta tsaya a kaina. Ta ce Bilkisu ta gaya mata cewa a gida na faɗi sunan, da yardata, bayan lallashi. Amma abin da ta gani a zaure bai yi kama da yarda ba. Ta ce a wurinsu ɗalibin da ya ƙirƙiri abin da ba a faɗa ba, korarsa ake yi, ba ya sake karatu ko koyarwa a ko'ina. Ba baƙin cikina ne ya dame ta ba, ko sannu ba ta ce mini ba. Tsabtar aikinta ce ta dame ta.

"Ina son gaskiya. Ke kika faɗi sunan nan, ko ba ke ba?"

Na dubi Bilkisu a ƙasa. Ta daina kukan ma, ta zuba mini ido kawai. Goshin ubanta ne da ita, da kunnuwansa. In na ce ban faɗa ba, na wanke bakina na kashe ta. In na ce na faɗa, abin da na riƙe tsawon aurena ya tafi, kuma da hannuna na miƙa.

Na ce, "Muryar wa kika ji?"

"Taki."

"To, me kike tambayata?"

Farfesa ta ce ta gode, ta juya. Takalmanta suna ƙwas-ƙwas har ta shige.

Ban ƙara sati a ƙasar ba. Mma Hawa ce ta raka ni filin jirgi, ta cusa mini man kaɗanya a jaka, ta ce, "Ka tafi, Mma. Nan ba wurin mutane ba ne." Bilkisu ta biyo mu a baya da akwati, ban waiga ba.

Na ɗauka na baro abin a can. Ashe an ɗauki taron, an sa a waya, ɗaliban Hausa suna tura wa juna suna yabon 'yar Kaduna da ta burge Turawa. Kafin in gama warware gajiya ya iso Katabu. Kulu ta zo yi mini sannu da zuwa, mata cike da ɗaki, 'yan Kurmin Mashi da na layinmu. Ta gama cin tuwona, ta wanke hannu, ta ciro waya.

"Matar Yaya, ashe kin iya? Mu nan shekara da shekaru kina yi mana mai gidan nan, mai gidan nan, muna cewa ba mai kunya irin Hauwa. Ashe jira kike ƙasa ta rufe masa ido, ki hau jirgi ki je ki rangaɗa wa Nasara."

Ta latsa. Na ce wallahi ban faɗa ba. Wata ta ce, "Haba Inna Hauwa, kada ki yi rantsuwa, ai ga shi muna ji." Wata ta ce ai ba komai, zamani ne. Wannan ba komai ɗin ya fi zagin Kulu ciwo. Na rasa yadda zan yi musu bayanin ɗinki, don ni kaina ban ga allurar ba. Da na fara cewa tunkiya ce aka yanka, sai suka dubi juna, suna zaton baƙin ciki ya taɓa mini kai. Yanzu ita ma dabbar yatsa nake ɗaga mata, matar rago nake cewa.

Shi ya sa na kira Malama Asabe. Ta ce in yi hattara, in takardar nan ta kai Jamus za a iya karɓe wa yarinya digirin da ta riga ta samu. Na ce ba don Jamus nake yi ba. Na rufa mata asiri a inda za a kashe ta. A nan Kawo, inda aka san Malam, inda za a wanke ni a ɗauke ni, ina son a karanta wa Kulu da duk matar da ke ɗakin nan cewa bakin Hauwa bai faɗa ba. In ta tsallaka teku, ba ni na kai ta ba.

Bilkisu tana kira duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ina ɗauka, don ban iya barin wayarta ta yi ta ƙara. Amma ba na magana. Na riga na san duk abin da ya fita daga bakina ya shiga na'ura, ana iya yanka shi a juya shi a ɗinka abin da aka ga dama. Ko sallamarta a zuci nake amsawa. Ita ke zuba: an ba ta aiki, tsohon ƙasan bene ya mutu, Mma Hawa tana gaishe ni, ta goge abin daga kwamfutarta ko da yake ba ta iya goge shi daga wayoyin mutane. Ina ji, hawaye suna zuba, ina toshe baki da gefen zane don kada shessheka ta fita.

Juma'ar da ta wuce ta katse maganarta ta ce, "Inna, don Allah. Ko tari ki yi, in san kina nan."

Tarin ya taso mini kuwa, na gaske, har ƙirjina yana zafi. Na haɗiye shi. Na sa farce na ƙwanƙwasa bayan wayar, ƙwas, ƙwas.

Wannan in sun iya, su yanka.